Wata Biyu Ina Kiwon Ruwa

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na karɓo tankin kifin daga wurin mai gilashi, bayan mako biyu yana yi mini "zo gobe". Tsawonsa santimita 90, faɗi 40, tsayi 40, gilashin mai kaurin milimita 8. In an cika shi har baki zai ci lita 144, amma a 125 zan tsaya, jarka biyar ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka da ruwa da gilashi da tsakuwa nauyin zai haura buhun shinkafa uku. Teburin falo ba zai iya ba, sai na sa mai walda ya yi masa ƙafar ƙarfe. Gilashi da aiki ₦38,000, ƙafa ₦25,000, ɗan keke zuwa unguwar Badariya a Birnin Kebbi ₦1,500, ina rungume da abin kamar mai jego.

Bara na yi wauta, ita ta sa na buɗe wannan littafi. Na sayi ƙaramin tanki, na cika shi da ruwan famfo, ranar na zuba kifi goma. Ruwa garau, kana ganin ƙwayar tsakuwa a ƙasa. Kwana tara ba ko ɗaya da ya rage. Auta ce ta riƙa binne su a gindin darbejiya tana kuka, ni kuma ina ta ɗora wa mai sayarwa laifi. Daga baya na gane ni na kashe su.

Kifi yana fitar da amoniya ta inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. A gulbi ruwa na tafiya da ita, a cikin gilashi kuwa ba inda za ta, sai ta taru ta ƙone shi. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne wa soso da tsakuwa. Kashi na farko su ci amoniya su mai da ita naitirayit, wadda ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su mai da naitirayit naitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Ashe filta gidan waɗannan ƙwayoyi ce, tace datti ƙaramin aikinta ne. Kafin su yi yawan da za su riƙe tanki akan yi mako huɗu zuwa shida. Bana kifi ba zai shiga ba sai ruwan ya nuna.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na cika shi a tsakar gida don gwaji. Kafin la'asar kusurwa ɗaya ta fara zufa. Na juye, na kankare tsohon silikon, gam ɗin da ke haɗa gilashin, da reza, na sake bi. Silikon ɗin tilas ya zama wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba, irin na banɗaki guba ne ga kifi. Sai ya kwana biyu ya bushe.

Laraba, 8 ga Janairu

Babu yoyo. An shiga da shi falo, nesa da taga.

Na bar ruwan famfo saboda kulorin, tun da aikin kulorin shi ne kashe ƙwayoyi, ni kuma ƙwayoyi nake nema. Ruwan burtsatse na saya wurin 'yan ga-ruwa, ₦150 jarka.

Filta biyu na sa. Ɗaya ta soso, wadda wani direba ya taho mini da ita daga Kano tare da famfon iska mai wat 5, duka ₦14,000. Ɗayar ni na haɗa: robar lita 4 na huhhuda da ƙusa mai zafi, na cika ta da tsingaron tsohuwar randar Inna da ta fashe, bayan na tafasa shi, na zura tiyon iska har ƙasa. Abin da ke sa randa ta yi zufa ta sanyaya ruwa ƙananan ƙofofi ne a jikin gasasshen yumɓu, kuma waɗannan ƙofofi ɗakuna ne ga ƙwayoyina, kyauta.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ba kifi, ba kashi, to dole in samar wa ƙwayoyin abinci. Na roƙi cokali biyu na abincin tarwaɗa wurin maƙwabcina mai kiwo, na ƙulle a tsohuwar safa, na rataya a ciki ya ruɓe.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kayan gwaji sun iso daga Legas, ₦52,000. Sun fi gilashin tsada. Maman yara ta ɗaga kwalin ta juya shi, ta ce, "Malam, ƴan kwalaben nan ne kuɗin buhun masara?" Ban tanka ba, don ba ni da ta cewa.

Ana ɗebo mililita 5 na ruwa a ƴar kwalba. Gwajin amoniya ɗigo takwas daga kwalba ta ɗaya, takwas daga ta biyu, a girgiza, a jira minti biyar. In ya tsaya ruwan ɗorawa babu komai, in ya karkata kore akwai. Na naitirayit ɗigo biyar, yana farawa da shuɗi mai haske, yana komawa shunayya in gubar ta samu.

Yau: amoniya miligiram 1 a lita, naitirayit 0, ma'aunin tsami, wato pH, 6.8. Zafin ruwa da asuba digiri 22.

Laraba, 15 ga Janairu

Ruwan ya yi fari kamar an tsiyayo gasara. Safa ta yi gashin fumfuna, falo kuma ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa. Amoniya ta kai 4. An ba ni zaɓi tsakanin safa da zaman lafiya, na cire safa.

Farin ba nawa ƙwayoyin ba ne, wasu ne daban masu cin ruɓaɓɓen abinci, suna hayayyafa da sauri, su wuce da kansu in abincin ya ƙare. Abokin aikina malamin kimiyya ya ɗebo mini garin amoniyam kuloraid a ƴar leda. Da shi zan ci gaba, ba wari, kuma ina iya sa daidai abin da nake so.

Asabar, 18 ga Janairu

Kawu ya zo daga Argungu duba Inna. Bakabe ne na gidi, tun yana saurayi yake faɗawa gulbin Matan Fada da homa da gora ranar bikin kamun kifi, na 2020 ne na ƙarshe da ya shiga kafin gwiwa ta hana shi. Ya tsaya gaban tankin ya daɗe, ya sunkuya, ya leƙa ta gefe, ya leƙa bayan robar tsingaro.

"Ina kihin?"

"Ba a sa ba tukuna, Kawu."

"To mi kaka ba iska dare da rana?"

"Ruwan."

Ya juya wurin Auta ya ce, "Ɗiyata, ubanki ya koma kiwon ruwa." Gida ya ɗauki dariya, har Inna da ke ɗaki.

Na yi ta bayani, amoniya kaza, ƙwayoyi kaza, na ga bai ɗauka ba. Sai ya tsoma yatsa biyu, ya murza, ya kai hanci. Ya ce, "Wanga ruwa ɗanye na. Warin jarka shika yi." Ya ce ruwan da kifi ke so ƙamshin ƙasa yake yi, irin na ranar da aka yi ruwan fari, kuma dutsen da ke cikinsa santsi gare shi. Na yi shiru. Abin da na kwana uku ina karantawa a waya, shi ya faɗa da yatsa biyu. Santsin nan da yake magana, su ne ƙwayoyin.

Da zai tafi ya ce in na gaji da jira in aiko, gulbi bai ƙare ba.

Talata, 21 ga Janairu

Ruwa ya washe. Amoniya tana nan wajen 4, naitirayit 0. Hunturu ya matsa, zafin ruwa 20 da asuba. Ƙwayoyin sun fi saurin haihuwa tsakanin 25 da 30. Na lulluɓe tankin da tsohon bargo.

Asabar, 25 ga Janairu

Shuɗin ya karkata! Kaɗan ne, 0.25, sai da na fita da kwalbar rana na ɗora ta kan farar takarda na tabbata. Amoniya ta sauko 2. Kwana 16 daga ranar safa. Na kira Auta ta gani, ta ce ita kifi take so ba ruwan kala ba.

Talata, 28 ga Janairu

Amoniya 0.5, naitirayit 2. Na narka garin a kofi, ina zubawa kaɗan kaɗan ina gwadawa har ta koma 2.

Alhamis, 30 ga Janairu

An ɗauke wuta tun jiya, hazo kuma ya hana sola caji, batiri ya mutu wajen ƙarfe uku na dare. Shirun famfon ne ya tashe ni. Ƙwayoyin nan da iska suke aiki, in ruwa ya tsaya cak a cikin soso suna galabaita. Na zauna da moɗa ina ɗiba ina kwararowa daga sama, in huta, in koma, har aka kira assalatu. Da rana na cire firji daga layin batiri na bar famfo. Ba a ji daɗin wannan hukunci a gida ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Inna lillahi. Na tafi ɗaurin aure Jega tun safe. Da na dawo, ɗan ƙanwata da ke zaune wurinmu ya tarye ni a zaure yana murmushi, ya ce, "Kawu, na yi maka aiki."

Ya ga soso ya yi ruwan ƙasa, ya ga tsingaro ya yi yauƙi, sai ya fitar da su duka. Ya wanke su da garin sabulu a bakin famfo, ya dirje tsingaron ɗaya ɗaya da buroshi, ya shanya su a rana kan tabarma har suka bushe ƙayau, ya mayar, ya kunna famfo. Na shiga na tarar da kumfa ta yi tozo a saman ruwa, falo na ƙamshin wanki. Sabulu, kulorin da rana, ko ɗaya ya isa, shi ya haɗa ukun.

Na fita na zauna a dakali sai da aka yi magariba. Yaron ya yi aikin awa biyu don ya faranta mini. Kullum ina ce masa kada ya taɓa, ban taɓa zaunar da shi na gaya masa dalili ba, kuma duk wanda aka rena da tsabta in ya ga yauƙi hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Bayan isha'i na kira shi na nuna masa kwalaben, na ce dattin nan shi nake kiwo. Na ce soso ba ya ganin sabulu har abada, in ya toshe a matse shi sau biyu a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, a mayar da shi da laimarsa. Ya ce, "Kawu, ashe su na kashe?" Na ce bara ni goma na kashe, kuma nawa masu ido ne.

Kwana 25 sun tafi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na juye komai, na ɗauraye gilashi da tsakuwa sau biyar. Soso da tsingaro na zubar, sabulu ba ya barin ƙofofinsu. Sabon soso ₦4,000, ruwa ₦1,800. Sauran gindin randar na farfasa. Amoniya 2, an koma farko.

Na buga wa Kawu waya. Ya yi dariya har da tari, ya ce in saurari direba ranar Asabar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Saƙo ya iso: jarkar da aka yanke wa kai, cike da tsakuwa da tsofaffin tsingaro daga bakin gulbi, cikin ruwansu. Santsi kamar an shafa kuɓewa. Wannan iri ne, kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba wa sabuwar madara ta kwana ta kama.

Sai dai gulbi ba ya aiko da alheri shi kaɗai. Na juye a baho, na sa safar hannu ta roba, na bi da cokali. Na fitar da ƙananan katantanwa bakwai da matsattsaku ɗaya. Katantanwar ce ta fi tayar mini da hankali, don wasu irinta ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da ke sa yaran bakin ruwa fitsarin jini. Tsutsar tana fita daga jikinta ta shiga fatar mutum, amma in ba ta samu kowa ba kwana biyu zuwa uku take mutuwa. Saboda haka kayan za su kwana uku a bokiti da tiyon iska da ɗan amoniya, a ɗakin ajiya, na sa kwaɗo. Auta ba ta san da su ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na ƙara tsince katantanwa biyu. Na goge duk wani abu mai kama da ƙwai. Tsingaron gulbi ya shiga roba tare da sabo, tsakuwar na ƙulle a raga na ajiye jikin soso.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Naitirayit 1. Abin da ya ci kwana 16 a karon farko ya zo kwana uku da sa kayan gulbi. Sanyi ma ya saki, ruwa 26. Na naɗe bargo.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Amoniya na ƙarewa cikin kwana ɗaya, kullum sai na ƙara. Naitirayit ta yi shunayya mai duhu, ta wuce 5, ƙarshen katin launuka da ake kwatanta ruwan gwaji da shi. Ƙwayoyin kashi na biyu sun fi jinkiri wajen haihuwa, an san haka.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwana biyu amoniya ta tsaya a 2 ba motsi. Famfo na aiki, ba wanda ya taɓa komai, yaron ma rantsuwa ya yi tun kafin in tambaya. Sai na tuna rabona da gwada pH tun Janairu. Na gwada: 6.0, kuma katin daga nan ya fara, watakila ya fi haka ƙasa.

Aikin ƙwayoyin da kansa yana tsamar da ruwa. Ruwa mai gishirin ƙasa da yawa yana shanye tsamin, namu na burtsatse kuwa mai laushi ne, ya ƙare da wuri. In pH ya faɗi wajen 6 sai su ajiye aiki.

Nan na yi nawa gangancin. Na ce ai maganin tsami yana madafa, da kanwa ake kashe tsamin miya. Na ɓallo kamar girman goro, na daka, na narka, na juye gaba ɗaya. Cikin awa ɗaya ruwa ya yi hazo, pH ya wuce 8.8, ƙarshen ɗaya katin. Kanwa ba ta da ma'auni, ta ungurnu daban, ja daban, kowace da ƙarfinta, ga ƙasa a ciki. Da akwai kifi da na sake haƙa rami a gindin darbejiya, don amoniya ta fi dafi in pH ya hau. Yaron yana tsaye yana kallona, bai ce komai ba. Ya kyauta.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na canza rabin ruwa da safe, rabi da yamma. pH 7.6, naitirayit ta sauko inda kati ke iya karantawa. Na sayo bekin soda na masu yin kek, ₦700, shi ƙarfinsa ɗaya ne kullum, ƙaramin cokali ɗaya ga lita 50 in buƙata ta taso. Mai shayin bakin layi ya tara mini ɓawon ƙwai, na tafasa, na ɓare fatar ciki, na farfasa, na sa a raga cikin robar. Shi a hankali yake narkewa, sai ruwa ya yi tsami yake saki.

Litinin, 24 ga Fabrairu

An ci gaba. Amoniya 0, naitirayit 1. Naitiret na ta nuna mini sifili, ashe kwalba ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, a kuma girgiza ta gwajin minti ɗaya. Da na yi haka ta fito ruwan goro mai duhu, 40.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Jiya da ƙarfe bakwai na kai amoniya 2. Yau ƙarfe bakwai: ruwan ɗorawa a kwalba ɗaya, shuɗi mai haske a ɗayar. Sifili da sifili. Ban gaya wa kowa ba, sai ya maimaita.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

Kwana uku a jere. Naitiret ta kai 80, na zuƙe jarka huɗu da tiyo na ba zogale da na'ana'a, taki ne a wurinsu. Bayan sabon ruwa ta dawo ƙasa da 20.

Ina matse soso a bokiti maman yara ta wuce, ta tsaya, ta ce, "Malam, hadari ne ya taso? Ƙamshin ƙasa nake ji." Na buga wa Kawu na gaya masa. Ya ce, "To ya nuna. Sa kihi."

Jimillar kuɗi zuwa yau, har da ruwan canji, ta kusa ₦140,000, ba a sayi ko kifi ɗaya ba.

Talata, 4 ga Maris

Gofi shida, ƙananan kifayen ado, daga Kano, ₦1,000 kowane, cikin leda mai iska. Na ɗora ledar kan ruwa minti 20 zafinsu ya daidaita, na riƙa zuba ruwan tanki a ciki kofi kofi, sannan na kwashe su da raga, ruwan ledar na zubar waje. Auta ta ƙirga su sau huɗu. Yau ba abinci, gobe ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma na ba ɗan ƙanwata wannan aiki, shi da kwalaben gwaji na safe.

Ba ƙari sai bayan mako biyu in sifili ya zauna. Jarka ɗaya za a riƙa canzawa duk Asabar. Abin da ke gabana zafin Afrilu ne, a Birnin Kebbi yana wuce 40, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska sosai. Zan nemi ƙaramar fanka ta sola ta riƙa busa saman ruwa, da famfon iska mai batirin kansa.

Kawu ya ce yana ajiye mini ƴan kurungu biyu, irin masu iyo a rigingine. Na ce sai bayan Sallah, kuma sai sun yi wata a baho su kaɗai. Baho ma filta yake so. Na tura sabon soso bayan robar tsingaro tun yau ya fara kamawa.